Dokar tsimin makamashi a gini: tana rage kuɗin wuta da gaske, ko ƙarin wahala ce ga mai gini?

Sabon_Magidanci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar gini da ke cikinmu. Ƙasashe da dama yanzu suna da dokar da ta ce sabon gini sai ya cika wasu sharuɗɗan tsimin makamashi kafin a ba da izini: kaurin abin tare zafi a rufi, girman tagogi, irin gilashi, irin fitilu, har irin iyakwandishan ɗin da za a saka. Ni dai a ganina, mai biyan kuɗin wuta ya fi kowa sanin aljihunsa. In tsimin nan da riba, mutane za su yi da kansu. In kuwa sai hukuma ta tilasta, anya ribar tana nan? A ƙara mini haske.

Hajiya_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, da maganarka ta zauna daram in da wanda ya gina gidan shi ne zai shiga ya biya wutar. To sau nawa hakan ke faruwa? Mai gina gidajen sayarwa yana gamawa ya miƙa makulli ya tafi. Mai gidan haya kuma ɗan haya ne ke sayen wuta, ba shi ba. Me zai sa ya kashe kuɗi a kan abin da za a binne a bayan silin, wanda mai saye ba zai taɓa gani ba? Gara ya zuba kuɗin a tayil da fenti da ƙofa mai sheƙi, su ne ke sayar da gida.

Sannan akwai maganar lokaci. Firji in ya cika shan wuta za ka iya sauya shi badi. Gini kuwa shekara hamsin ko fiye zai yi a tsaye, kuma inda tagoginsa suka fuskanta an yanke hukuncinsa tun ranar da aka ja layin fandisho. Abin da zai yi arha a saka lokacin da bango yake buɗe, in an yi filasta an rufe sai da fashe-fashe.

Ɗan_Kwangila:
Hajiya, ku masu zane a takarda komai mai sauƙi ne a wurinku. Mu da ke tsaye a kan aiki mun san kowane sharaɗi da aka ƙara kuɗi ne, kuma a kan mai saye zai faɗa. Mutumin da ke fafutukar samun ɗaki biyu ya rufa wa iyalinsa asiri, ka ce masa sai gilashi mai falle biyu? Ai ka kore shi daga layin masu gida gaba ɗaya.

Hajiya_Injiniya:
Yallaɓai, ba duk sharaɗi ne ke cin kuɗi ba. Rage faɗin tagar da ke kallon yamma ragin kuɗi ne ma, don gilashi ya fi bulo tsada. Kwano fari da kwano mai duhu kusan kuɗinsu ɗaya. Kuma ginin da ba ya shan zafi ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki ta ishe shi, ka ga an mayar da wani abu daga can.

Malamin_Kimiyya:
Bari in ɗan koma baya, don a san daga ina abin ya taso. Yawancin waɗannan dokoki 'ya'yan rikicin man fetur na 1973 ne, lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, ƙasashen da ke ɗumama gidajensu da mai suka ji a jikinsu. Faransa ta fito da tata dokar a 1974. A Amurka ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta fitar da ma'auninta mai lamba 90 a 1975, wanda har yau ake sabuntawa da sunan 90.1. Jamus ta Yamma ta biyo baya a 1977, jihar Kalifoniya kuma a 1978 da abin da suke kira Title 24. Tarayyar Turai ta yi dokar bai-ɗaya kan makamashin gine-gine a 2002, ta sake ta a 2010, ta kuma sake a 2024, inda ta ce daga 2030 duk sabon gini ya zama ba ya fitar da hayaƙin mai ko gas ko kwal daga harabarsa.

Dalilin da gwamnatoci suka damu kuwa shi ne, bisa lissafin Hukumar Makamashi ta Duniya, gudanar da gine-gine, wato ɗumamawa da sanyayawa da haske da girki da sauransu, yana cinye kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Don haka ba maganar aljihun mutum ɗaya ba ce kawai, Malam Sabon_Magidanci. In gari guda ya kunna iyakwandishan da tsakar rana, tashar wuta da taransifoma ne ke ɗaukar nauyin, kuma kowa ne ke biyan kuɗin faɗaɗa su, har wanda fanka kawai gare shi.

Mai_Shakku:
Malam ya kawo mana shekaru a jere, mun gode. Amma shekarar da aka kafa doka ba hujja ba ce cewa ta yi aiki. Akwai wani masanin tattalin arziki a jami'ar Georgetown, Arik Levinson, da ya bi diddigin gidajen Kalifoniya ɗin nan da ake kuranta wa. Binciken ya fito a 2016. Ya kwatanta wutar da gas ɗin da gidajen da aka gina kafin dokar da bayanta suke sha, ya tarar tsimin bai kama ƙafar abin da aka yi alkawari lokacin kafa dokar ba. Ba ni na faɗa ba.

Malamin_Kimiyya:
Na san binciken, kuma ba na raina shi. Amma lura da abin da ya ce: tsimin bai kai hasashe ba. Wannan daban yake da a ce babu tsimi. Akwai wani binciken a garin Gainesville na jihar Fulorida, bayan sun tsaurara dokarsu a 2002, wanda ya tarar sababbin gidaje sun rage shan lantarki da kusan kashi 4, gas kuma kusan kashi 6. Ba abin a zo a gani ba ne, amma ragi ne.

Mai_Shakku:
Kashi 4! Bayan duk wannan hayaniyar?

Uwar_Biyu:
Ni ban san lissafinku ba, amma na zauna a gida iri biyu. Na farko rufinsa kwano ne da silin siriri, ba komai a tsakani. Da rana in ka ɗaga hannu kusa da silin sai ka ji zafi yana sauko maka a tafin hannu, kuma har bayan isha'i bangon bai huce ba, yara su yi ta juyi ba barci. Na biyu an shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, tagogin kuma suna da 'yar rumfa. Gaskiya kuɗin wutarmu bai wani faɗi ba, don a gidan farko ma ba mu da halin kunna na'ura dare da rana, haƙuri muke yi. Abin da ya sauya shi ne yanzu ana iya zama a ɗakin. Wannan a wane shafi na binciken naku yake shiga?

Hajiya_Injiniya:
Yaya Uwar_Biyu, kin taɓo inda masu bincike kansu ke kai ruwa rana. In gida ya yi sauƙin sanyayawa ko ɗumamawa, mutane ba sa ajiye ribar duka a aljihu, wani kaso suna cinye shi a jin daɗi: wanda a da ɗaki ɗaya yake sanyayawa sai ya koma biyu. A mita sai a ga kamar dokar ba ta yi komai ba, alhali iyalin sun samu abin da ba su da shi a da. Ƙari kuma gidajen zamani sun fi na da girma, sun fi su tarin kayan wuta. Doka ta rage abin da kowane murabba'in mita ke sha, amma ba ta hana ka ninka murabba'in mitan ba.

Tsohon_Sufeto:
Yara, ku yi haƙuri in sa baki. Na yi shekaru ina duba gine-gine kafin in ajiye aiki, kuma duk wannan gardama taku a kan dokar da ke takarda kuke yi. Ni dokar da na sani ita ce wadda ake gani in an hau tsani an leƙa saman silin da tocila.

Abin da ido ya sha gani a can ba ya faɗuwa. A zane an rubuta kauri kaza, a takardar sayen kaya ma kauri kaza, duk daidai. Ka hau sai ka tarar an shimfiɗa a tsakiyar ɗaki inda ido zai fara sauka, lungu-lungu kuwa wayam. Ko mai wayarin ya zo daga baya ya ɗage shi ya wuce da wayarsa bai mayar ba. Ko an danne shi da katako ya lanƙwashe ya koma rabin kaurinsa, alhali iskar da ke cikinsa ita ce ke tare zafin, in ka matse ta ka kashe shi. Wani lokacin ma sai ka ga ƙunshin yana jingine a gefe cikin ledarsa, ba a ko kwance ba. Ba mugunta ba ce ko yaushe. Lebura ba wanda ya taɓa gaya masa amfanin abin, shi a ganinsa wani tarkace ne mai sa ƙaiƙayi da aka ce ya watsa a sama.

Kuma mu masu dubawar, abin da aka fi horar da mu a kai shi ne ƙarfin gini da gobara da wayarin, don su ne ke kisa nan take. Rodi bai cika ba, gini ya rufta, kowa ya ji. Abin tare zafi bai cika ba, ba mai mutuwa ranar, sai dai iyali su yi shekara talatin suna biyan kuɗin da ba su san dalilinsa ba. Ga ƙarancin ma'aikata, ga gine-gine birjik. Wane za ka fara dubawa?

Don haka in ka ce mini bincike ya nuna tsimi bai kai hasashe ba, ba na mamaki. Hasashen an yi shi ne a kan ginin da ke cikin kwamfuta.

Ɗan_Kwangila:
Baba ya faɗi gaskiya, ko da ta taɓa mu. Amma a ƙara da cewa sufeton ma wani lokacin sai an rufe silin an yi fenti yake zuwa. Me zai gani a lokacin?

Tsohon_Sufeto:
Shi ya sa dokar kirki take faɗin lokacin dubawa, ba abin da za a duba kawai ba. Kada a rufe sai an gani an sa hannu.

Mai_Awo:
Baba, akwai abin da ya rage wannan matsalar a wasu wurare, shi ne gwaji maimakon duba da ido. Aikina ke nan. Muna rufe duk tagogi da ƙofofi, mu kafa wata babbar fanka a bakin ƙofar shiga cikin wani firem mai tamfol, mu zuƙe iskar gidan har bambancin matsin iskar ciki da waje ya kai faskal 50 (faskal ma'aunin matsin iska ne). Na'ura sai ta nuna sau nawa iskar gidan ke musanyawa a awa ɗaya. Daga nan mu zaga da ɗan abin hayaƙi. Za ka ga hayaƙin yana tafiya a miƙe, da ka kai shi bakin soket ko ƙasan firem ɗin taga ko inda bututu ya huda bango sai ya karkace ya fara rawa. Mai gini yana tsaye yana kallo, ba gardama.

Kundin dokar tsimin makamashi a gini da ake kira IECC, wanda jihohin Amurka da dama ke ɗauka kuma ake sabuntawa duk shekara uku, ya wajabta wannan gwajin ga gidajen zama tun bugun 2012, wanda ya ce musanyar iskar kada ta wuce sau 5 a awa a yankuna masu zafi, sau 3 a sauran. Masu bin tsarin gidaje masu matuƙar tsimin makamashi da ake kira Passivhaus, wanda aka fara gina gidansa a Darmstadt ta Jamus a 1991, su 0.6 suke nema. Abin da na lura, ranar da magina suka san za a zo da fanka, aikin nasu sauyawa yake tun daga farko.

Gimbiya_Zee:
Tsaya tukuna. Ku toshe gida ruf haka, iskar shaƙa fa? Ba nan ake samun danshi da fumfuna a bango ba?

Mai_Awo:
Tambaya mai kyau, kuma ta taɓa faruwa. Bayan rikicin mai na shekarun 1970 an rage iskar da ake shigarwa ofisoshi don tsimi, ma'aikata suka rinƙa kukan ciwon kai da kasala, dole aka dawo aka ƙara. Dokokin yanzu in sun ce a toshe, suna haɗawa da sharaɗin hanyar shigar iska da aka tsara. Iska ta shigo ta inda ka shirya mata, ba ta tsagar bango ba. Amma in aka ɗauki rabin dokar aka bar rabi, abin da kika faɗa shi zai faru.

Ɗan_Kwangila:
Tunda an zo nan, a tuna da gobarar benen Grenfell a Landan, Yunin 2017, wadda ta kashe mutum 72. Kayan da aka lulluɓe ginin da su lokacin gyara, har da abin tare zafin, su suka taimaka wa wutar ta haye sama. Ga inda tsimin makamashi ya kai mutane.

Hajiya_Injiniya:
A'a Yallaɓai, kada mu haɗa abin da ba ya haɗuwa. Ba wata dokar makamashi da ta ce a yi amfani da abin da ke cin wuta. Akwai abin tare zafi da ba ya kamawa, kamar ulun dutse. Abin da ya faru a can gazawar dokar gobara ce da masu sayar da kaya da masu sa ido. In ma da darasi, maganar Baba Tsohon_Sufeto ya ƙarfafa.

Ɗalibin_Zane:
Ni abin da ke damuna daban ne. Kusan duk misalan da aka kawo daga ƙasashen sanyi suke, inda abokin gaba shi ne zafin ɗaki ya tsere waje. A ƙasashen zafi ai lissafin juyawa yake. Rana ce ke shigowa, kuma ta rufi da taga take bi. Abin da ya fi amfani a can shi ne inuwa a kan taga, rage gilashi a gabas da yamma, rufi mai haske da ke mayar da hasken rana, da barin iska ta ratsa gida. In ƙasa mai zafi ta kwafo kundin ƙasar sanyi sukutum, za ta tilasta wa mutane kashe kuɗi inda ba nan ciwon yake ba.

Malamin_Kimiyya:
Haka ne, amma an yi nisa a wannan ma. Singafo tun 1979 take da ma'aunin zafin da bango da gilashi za su bari ya shiga ginin da ake sanyayawa. Indiya ta fito da kundinta na manyan gine-ginen kasuwanci a 2007, ta raba ƙasar yanki biyar bisa yanayi, ta sabunta shi a 2017, sannan ta yi na gidajen zama a 2018. Afirka ta Kudu ta saka nata a dokar gini a 2011, Najeriya ta ƙaddamar da nata a 2017. Kundin ba shi ne ya yi ƙaranci ba.

Mai_Shakku:
To mun dawo gidan jiya. A wurare da yawa na duniya akasarin gidaje ba sa ma bi ta ofishin ba da izini. Mutum ya sayi fili, ya kira birkila, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Wace doka ce za ta same shi?

Ɗalibin_Zane:
Ba za ta same shi kai tsaye ba. Amma tana iya samunsa ta kasuwa. In manyan gine-gine da na gwamnati dole su sayi abin tare zafi, 'yan kasuwa za su kawo shi da yawa, ya yi araha, birkilan da ya koyi saka shi a babban aiki kuma ya tafi da iliminsa ƙananan ayyuka. Sai kuma dokar kayan wuta, wadda ta hana shigo da iyakwandishan da kwan fitila masu zuƙar wuta. Ita ba ruwanta da ko kana da izinin gini.

Mai_Shakku:
"Tana iya." Allah ya sa.

Ɗan_Kwangila:
Wani abu da ke ba ni haushi, doka ta ce taga kada ta wuce kaza, mai aiki kuma ya ce shi gilashi yake so daga sama har ƙasa. Ni a tsakiya.

Hajiya_Injiniya:
Akwai mafita ai. Yawancin kundin hanya biyu suke bayarwa. Ta farko jeri ce: rufi kaza, bango kaza, taga kaza, ka cika kowanne ka wuce. A ASHRAE 90.1, misali, a wannan hanyar gilashi ba ya wuce kashi 40 na bango. Ta biyu kuma ka kawo lissafin kwamfuta da ya nuna ginin gaba ɗayansa ba zai sha fiye da wanda ya bi jerin ba. Kana son gilashi, sai ka biya a wani wurin: gilashi mai kyau, inuwa, na'ura mai tsimi. Sai dai ni kaina ina ɗari-ɗari da hanya ta biyu in ba a da ƙwararrun da za su tantance lissafin, don wanda ya iya kwamfuta zai iya sa ta faɗi abin da yake so.

Ɗan_Haya:
Duk kuna ta maganar sabon gini. Mu da muke cikin tsofaffi fa? Mai gidana ko tagar da ta tsage sai na yi ta bin sa.

Malamin_Kimiyya:
Nan ne raunin dokar gini na asali, sabo take kamawa ko babban gyara. A Turai kusan kashi 1 cikin 100 na gine-gine ake yi wa gyaran makamashi a shekara, ka ga tafiyar hawainiya. Shi ya sa wasu suka ɓullo ta wata hanya. A Ingila tun 2018 ba a ba da sabuwar hayar gidan da darajarsa a takardar makamashi ta gaza matakin E (matakan daga A mafi tsimi suke zuwa G mafi zuƙar makamashi), sai wanda aka yi wa rangwame. Faransa ta hana ba da hayar masu matakin G daga farkon 2025. Birnin New York kuma ya yi doka a 2019 da ta sa wa manyan gine-ginen da ke tsaye iyakar hayaƙin da za su fitar, da tara ga wanda ya ƙetare.

Ɗan_Haya:
In aka tilasta masa gyara ai a kuɗin haya zai fanshe. Ko ta ina ni ne dai.

Sabon_Magidanci:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Maganar Hajiya ta mai gini daban mai biyan wuta daban ta shige ni, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma har yanzu ban ga amsar tawa tambayar ga wanda zai gina nasa ya zauna a ciki ba. Shi me ya sa za a tilasta masa?

Tsohon_Sufeto:
Ɗana, gidan zai fi ka daɗewa. Wata rana magada ne ko mai saye ko ɗan haya a ciki.

Mai_Shakku:
Baba, da wannan hujjar ai har launin fenti sai a zaɓar masa.

Uwar_Biyu:
Launin fentin ɗaki bai hana yarana barci ba. Na kwano kuwa ya hana.

Sabon_Magidanci:
To Hajiya Injiniya, a bar maganar doka. In kuɗina abu ɗaya kawai za su iya a cikin jerin nan, wanne zan fara?

Hajiya_Injiniya:
Ya danganta da yanayin inda kake da kuma ko bene ne. In wuri mai zafi ne kuma hawa ɗaya, rufi, ba ko tantama, sannan inuwar tagogin yamma. In wurin sanyi ne, rufin dai, sai toshe kafofin iska. Turo mini zanen in ga inda ɗakunan kwana suka fuskanta kafin a zuba fandisho. Kuma ranar da za a rufe silin ka kasance a wurin da kanka.

Ɗan_Kwangila:
Ka zo da tsaninka, namu yana aiki.